Farin da Ba a Shafawa: Jagorar Buga Hoton Dusar Ƙanƙara da Allon Katako Irin na Japan

A shekarar 1953 hukumar da ke kula da kayan gadon ƙasar Japan ta ƙudiri aniyar adana sana'ar bugun hoto da allon katako, yadda na baya za su ga kowane mataki da idonsu. Mai zane Kawase Hasui ya zana haikalin Zojoji na birnin Tokiyo dusar ƙanƙara na zuba a kansa, aka sassaƙa alluna, aka buga, aka ajiye samfurin kowane bugu daban. Sau 42 takarda guda ta hau allo kafin hoton ya cika. Duk wannan hawa da saukar, abin da aka fi tsaro shi ne wuraren da bai kamata launi ya taɓa ba, domin dusar da ta lulluɓe rufi da wadda ta kwanta a ƙasa farin takardar ne da kansa. Mai wannan sana'a yana buga sararin sama, ya buga ginshiƙi, ya buga inuwa, dusar kuwa sai ta fito daga abin da ya bari. Duk matakan da zan bayyana a nan hidimar wannan farin suke yi.

Wuraren bautar Japan iri biyu ne, kuma masu zane sun yi ta zana kowanne. Akwai na addinin Shinto, jinja, wanda ake ganewa da ƙofarsa mai suna torii: ginshiƙai biyu a tsaye, gungume biyu a gicciye a sama, ba ƙyaure ba bango, sau da yawa an shafe ta da jan fenti. Akwai kuma haikalin mabiya Buddha, irin su Zojoji da Sensoji na unguwar Asakusa. Utagawa Hiroshige, wanda ya rayu daga 1797 zuwa 1858, ya zana wurin bautar Gion na Kiyoto cikin dusa wajen 1834, mata riƙe da laima a gindin ƙofar. A 1856 ya fitar da na Asakusa, ƙatuwar fitilar takarda ja na rataye a sama, farar hanya ta miƙe a ƙarƙashinta. Hasui, wanda aka haifa a 1883 ya rasu a 1957, ya zana na Hie a 1931, na Itsukushima da ke bakin teku a 1932, da na Nezu a 1933. Waɗannan hotuna ba kayan ibada ba ne. Hotunan shahararrun wurare ne da ake sayarwa a kanti, kuma a zamanin Hiroshige kuɗin kwano ɗaya ko biyu na taliya ya isa mutum ya sayi guda ya kai gida tsaraba.

A ganina babu darasin da ya fi wannan dacewa da mai koyo. Launi uku ke riƙe da hoton gaba ɗaya: jan ƙofa, toka-tokar sama, da fari. Ba yawan launi da zai ɓoye kuskure, ba kuma yawan aiki da zai karya gwiwa.

A can Japan aikin na mutum huɗu ne: mai kamfani da ke zuba kuɗi, mai zane, masassaƙi, da mai bugu. Watanabe Shozaburo, wanda ya farfaɗo da sana'ar a farkon ƙarni na 20 kuma ya buga mafi yawan ayyukan Hasui, irin mutum na farko ne. Gobarar da ta biyo bayan girgizar ƙasar ranar 1 ga Satumba 1923 ta cinye kantinsa da allunan da ke ciki, ya sake farawa daga tushe. Kai da za ka koya, kai ne duka huɗun. Don haka ka rage buri: alluna biyar, takarda ƙarama.

Kayan aiki

Allon gargajiya na itacen ceri ne na tsauni, an tsaga shi bin tsawon itacen, an bar shi ya bushe shekaru, an goge fuskarsa ta yi sumul. Yana da taurin da zai riƙe siririn layi bai gutsure ba, yana kuma shan ruwa daidai gwargwado. Yanzu ya yi tsada, shi ya sa masu koyo har a Japan suke amfani da katako mai falle-falle da aka manne, wanda fuskarsa ta itacen shina ce mai laushi. Idan ba ka samu ko ɗaya ba, nemi katako mai santsi, marar ƙulli, marar maiƙo. Ɗiga masa ruwa ka gani: in ɗigon ya tsaya ya dunƙule bai shiga ba, wannan katako ba zai karɓi launi ba.

Takarda ita ce dusarka, saboda haka a nan kada ka yi rowa. Ta Japan ana yin ta da hannu daga ɓawon ciki na itacen kozo, mai dogayen zaruruwa, kuma wadda masu bugu suka fi yabo ita ce hosho ta yankin Ecizen a lardin Fukui. Ana jiƙa ta a murje ta sau da dama ba ta yage ba, kuma farinta mai taushi ne, ba ya kashe ido. Kafin a yi aiki da ita ana shafa mata ruwan ɗumi da aka narkar da gam na fatar dabba da ɗan alif a ciki, a shanya. Wannan shafi shi ke hana ja ya malala cikin fari, ya kuma hana zaruruwan takarda manne wa allo. Ana sayar da wadda aka riga aka shafa, ita ce ta mai koyo. In dole ta sa ka nemi madadi, takardar masu zanen kalar ruwa marar kauri sosai tana yi.

Babu injin matsi a wannan sana'a. Abin da ke matsa takarda shi ne baren, wani kewayayyen abu mai faɗin tafin hannu. A cikinsa akwai igiya da aka tufka da siraran zaruruwan ɓawon gora aka naɗe ta zagaye-zagaye, a bayanta akwai marfi na takardu masu yawa da aka manne ɗaya bisa ɗaya tsawon watanni, sannan a rufe duka da ɓawon gora guda, a murɗe bakinsa ya zama mariƙi. Ƙulle-ƙullen igiyar su ke cusa launi cikin takarda. Akwai na roba mai araha, kuma a ƙaramin aiki bayan cokalin katako ma yana fitar da mutum kunya.

Buroshin na gashin doki ne, gajere, cike. Masu sana'a suna ɗan babbake bakinsa su goga shi a kan busasshiyar fatar wani babban kifin teku mai kaushi har kan kowane gashi ya tsage ya yi laushi. Buroshin goge takalmi mai gashin doki yana iya tsayawa a madadinsa. Kowane launi da buroshinsa.

Launin duka na ruwa ne, babu mai a ciki. Baƙi tawada ce ta baƙin hayaƙi da gam. Shuɗin da aka saba gani a sararin saman waɗannan hotuna an fara haɗa shi ne a Balin ta Jamus, ya yi araha a Japan wajen 1830, masu bugu suka rungume shi don ba ya koɗewa kuma yana yin haske ko duhu yadda aka so. Kai kalar ruwa ta masu zane ta ishe ka. Abokin launi shi ne manni na garin shinkafa: dama garin da ruwa, dafa shi kana juyawa har ya yi sheƙi, tace shi, ka sassauta shi ya yi kaurin koko. Sai kayan sassaƙa: wuƙa mai karkataccen baki, cizal mai lanƙwasa babba da ƙarami, cizal shimfiɗaɗɗe, gudumar katako, da dutsen wasi. Wuƙar da ba ta da kaifi tana yaga itace, yagaggen gefe kuwa yana fitowa a takarda.

Zane da rabon alluna

Girman da aka fi sani wajen santimita 39 ne da 26. Ka fara da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan. Zana ƙofar torii a ɗan gefe, kada ka dasa ta a tsakiya cif. Sa duhun itatuwa a bayanta, hanya a gabanta, in ka so da mutum guda riƙe da laima don ido ya san girman ƙofar.

Ga ƙa'idar da ke raba zane mai rai da matacce: fari ba ya ganuwa sai da duhu a gefensa. Dusar da ta taru a kan gungumen sama tana buƙatar sama mai duhu ko itatuwa a bayanta. In ka bar sama fari, ƙasa fari, rufi fari, to ba ka zana dusa ba, takarda ka bari. Kuma dusa tana da nauyi da kauri. Tana zama a saman abu da lanƙwasasshen baya, tana ɗan leƙowa ta gefe, tana taruwa a ɓangaren da iska ke bugowa. Wanda bai taɓa ganinta ba ya dubi hotunan kyamara da kyau kafin ya ɗora alƙalami.

Allo na farko na layi ne, shi ke ɗauke da iyakokin komai. Na biyu ja, na uku sama, na huɗu itatuwa, na biyar inuwar dusa, wato toka mai haske ƙwarai da ake sawa a ƙarƙashin tudu, a sawun ƙafa, da gindin ginshiƙi. Shawarata, a gefen dusa ka sirantar da layi ko ka yanke shi gaba ɗaya, ka bar launin sama ya zama shi ne iyaka. Baƙin layi mai kauri yana sa dusa ta yi tauri.

Ana zana hoton ƙarshe da tawada a takarda siririya, a shafa manni a allo, a kifa zanen fuskarsa ƙasa, a lallaɓa shi daga tsakiya zuwa gefe don kada ya miƙe ko ya tattare. In ya fara bushewa, sai a jiƙa ɗan yatsa a murje bayan takardar a hankali, zaruruwa na fita har layin ya bayyana sarai. Ɗigon mai kaɗan yana ƙara fito da shi. Zanen asali a nan yake ƙarewa, domin wuƙa za ta cinye shi.

Sassaƙa

Ka dunƙule wuƙar a hannu a tsaye, babban yatsa a kan ƙotar, ɗan yatsan ɗaya hannun yana tallafe da bakin. Ka karkatar da ita yadda gindin layin zai fi samansa faɗi. Layin da aka yanka miƙe, ko aka rarake ƙarƙashinsa, zai karye tun bugu bai yi nisa ba. Bi gefe ɗaya na layin, bi ɗaya gefen, sannan ka yi wani yanka daga waje ya haɗu da na farko, ɗan sili ya fita. Bayan nan cizal mai lanƙwasa da guduma su share fili, faɗin yatsu uku kewaye da duk abin da zai ɗauki launi, cizal shimfiɗaɗɗe ya bi ya lallashe.

A hoton dusa filin da ake sharewa yana da faɗi, kuma a nan matsala take. Jiƙaƙƙiyar takarda tana lotsawa. In ramin bai yi zurfi ba sai ta taɓa ƙasansa ta kwaso launin da buroshi ya bari, ka ɗaga ka tarar da tabo a tsakiyar farin fili. Maganin abu uku ne. Ƙara zurfi yayin da kake nisa da layi. Bar tsibirai na katako a tsakiyar babban fili, nesa da inda buroshi ke kaiwa, su tallafi takarda. Sannan ka goge kaifin bakin kowane rami da na tsibiran, don kada baren ya bi ta kai ya bar shaida.

Kafin ka bar allon farko sai ka yanka kento, alamomi biyu da duk daidaiton aikin ya rataya a kansu. Ɗaya kusurwa ce a ƙasa ta hannun dama, ɗaya kuma ɗan miƙaƙƙen mataki ne a gefen ƙasa, wajen kashi biyu cikin uku na tsawon takarda daga kusurwar. Zurfinsu bai wuce kaurin takarda biyu ba. Da wannan dabara aka samu hoto mai launuka da yawa, wanda ya bunƙasa daga 1765 a hannun Suzuki Harunobu. Ka buga allon layi da baƙi a takardu sirara guda huɗu, har da alamar kento a jiki. A kowace ka yi wa wurin launi guda alama, ka manna ta a sabon allo kamar yadda ka yi da farko, ka sassaƙa. Ta haka kowane allo zai gaji kento iri ɗaya.

Yanzu ga aikin da ya fi cin rai, kuma shi ya fi daɗi: ƙwayoyin dusa masu saukowa. Kowace ƙwaya rami ce da aka ƙwaƙule a fuskar allo. Wahalar ita ce, duk inda launi biyu suka hau juna, sai an ƙwaƙule ƙwayar a alluna biyun a wuri ɗaya daidai. In ba haka ba allo na biyu zai rufe abin da na farko ya bari, ko ka samu ƙwaya rabinta fari rabinta toka. Don haka ka zana ƙwayoyin duka a takarda guda mai nuna ta ciki, da kusurwar kento a jikinta, ka kwafa su a kowane allo da takardar kabon. Mai wayo yana tsara zanensa yadda mafi yawansu za su faɗo a inda allo ɗaya kaɗai ke bugawa.

Ka ɗebo su da bakin ƙaramin cizal mai lanƙwasa, ko da yanka biyu na wuƙa. Kada ka huda da ƙusa. Ƙusa tana danne itace ne ba ta cire shi ba, da ya sha ruwa sai ya kumburo ramin ya toshe. Ka bambanta girmansu, manya su ne na kusa da mai kallo, ƙanana na nesa. Ka bar su su yi cincirindo a wani wuri su yi ƙaranci a wani, domin hannu yana son jera abu sahu-sahu, dusa kuwa ba ta sauka a sahu. In kana son iska, ja su su ɗan yi tsawo, duka su karkata gefe guda. A wani hoton Zojoji da Hasui ya yi tun a 1925, karkatar ƙwayoyin da yadda matar ta sunkuyar da laimarta su ke sa mai kallo ya ji sanyin.

Jiƙa takarda

Yanka takardun duka girma ɗaya, kusurwar da za ta shiga kento ta zama daidai. Da daddare ka shafa wa kowace ta biyu ruwa da faffaɗan buroshi, ka jera su jiƙaƙƙiya bisa busasshiya, ka sa su tsakanin farar takarda mai laima, ka naɗe a leda, ka ɗora abu mai ɗan nauyi. Kada takardar jarida ta taɓa su kai tsaye, tawadarta na iya sauka a farinka. Da safe ya kamata ka ji su da sanyi da laushi, ba sheƙin ruwa a fuska. Wannan laima ita za ka riƙe daga bugun farko har na ƙarshe, domin takarda tana miƙewa in ta jiƙe tana tsukewa in ta bushe, kuma ɗan bambanci kaɗan ya isa ya kawar da ja daga mazauninsa. Mai aiki a ƙasarmu ya yi hattara da hunturu: iskar tana busar da allo kafin ka ɗauko takarda. Rufe tagogi, yayyafa ruwa a ƙasa, yi aiki da sassafe, kuma kada ka bar bakin ledar a buɗe. Da damina kuwa jiƙaƙƙiyar takarda tana yin fumfuna cikin 'yan kwanaki, sai ka gama da wuri ko ka ajiye ta a firji.

Bugu

Mai bugu a Japan yana zama a ƙasa gaban ɗan gajeren benci da ya gangara gaba, don nauyin kafaɗa ya sauka a kan baren. Ka sa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin allo don kada ya zame. Jiƙa fuskar allon ka bar shi ya sha na ɗan lokaci. Ɗiga launi nan da can, ɗiga manni kaɗan da ɗan tsinke, ka gauraya su a kan allon da buroshi har su bazu, sannan ka ƙare da shafa mai sauƙi ta fuska guda. Ɗauko takarda tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya na kowane hannu, babban yatsan dama ya zaunar da kusurwa a kento, na hagu ya zaunar da gefe, ka sake ta ta kwanta da kanta. Shafa baren a tsumma mai ɗan mai, ka bi bayan takardar da sauƙi don ta kama, sannan ka murza da ƙarfi, gajeren zuwa da dawowa, da gindin tafin hannu. Ɗaga takardar a tashi ɗaya. Ana gama duk takardun da allo guda kafin a koma na gaba. A da, bugun farko yakan kai wajen takarda 200. Bugu biyar ko shida na farko gwaji ne, allo bai gama shan launi ba tukuna.

Layi ake fara bugawa, sai launuka masu haske kafin masu duhu. Inuwar dusa ka tsarma ta da ruwa har ka ga kamar ba za ta fito ba. Kusan kowane mai koyo yana sa ta yi duhu, sai dusar ta koma laka.

Manni shi ke mulkin yadda launi zai kwanta. In ya yi daidai, launi zai fito sumul. In ka rage shi ƙwarai ka kuma sassauta hannu, sai launin ya fito da ɗige-ɗigen fari, abin da masu sana'a ke kira gomazuri, kuma yana da kyau ƙwarai a sararin sama mai dusa don yana sa iska ta yi kauri. In manni ko launi ya yi yawa, sai ya taru a bakin ramuka ya cike ƙananan ƙwayoyin da ka sha wahalar ƙwaƙulewa. Da ka ga ƙwaya ta fara dushewa, tsaya ka share ramin da tsinke da busasshen buroshi, ka rage abin da kake ɗigawa.

Sama ba a buga ta da launi ɗaya shimfiɗe. Ana yi mata bokashi, wato launi ya fara da duhu ya yi ta raguwa har ya ɓace. Naɗe ɗan katako da jiƙaƙƙen tsumma ka shafi ɓangaren allon da kake so launi ya ɓace a ciki. Sa launi a gefe ɗaya na buroshi, manni a ɗaya gefen. Ka yi ta kai da komo a gicciye, gefen launi yana bin saman allo, ba tare da ka juya buroshin ba ko sau ɗaya. Ruwan zai ja launin ya narke a hankali. Hiroshige yana yawan sa irin wannan duhu a can saman hoto, ya bar sama ta yi haske wajen da ta haɗu da rufi. A hoton dusa ni na fi son duhun ya sauko har bayan ƙofar, don farin da ke kan gungume ya samu abin jingina. Babu abin da aka sassaƙa a allo da ke nuna wannan narkewa. A hannun mai bugu take, kuma gwaninta ita ce takarda ta ɗari ta yi kama da ta farko.

Ja ka buga shi sau biyu, siriri bisa siriri, maimakon sau ɗaya mai kauri. Kafin ka taɓa shi wanke hannu, kuma bayan ka gama sake wankewa, don yatsa mai ja in ya taɓa farin fili babu gyara. In ka ga jan ya ɗan zarce layi a duk takardun, kada ka taɓa zanen, kento za ka gyara: ka ɗan fere shi, ko ka soka siririn sili na katako a bakinsa ka daidaita.

Tudu da yayyafi

Saura dabaru biyu da ke ƙara wa fari rai. Ta farko karazuri ce, bugu ba launi. Ana sassaƙa allo da 'yan ramuka da lanƙwasa a inda dusa ta taru, a ɗora takarda mai laima, a murza da ƙarfi, sai fuskar takardar ta yi tudu da kwari. Wani lokaci ana tura takardar cikin rami mai zurfi daga baya har ta kumburo. A kyawawan bugu na hoton Asakusa na Hiroshige, dusar da ke kan rufi da itatuwa tana da irin wannan tudu, ana ganinsa in haske ya zo ta gefe. Ka bar wannan ya zama bugun ƙarshe, don duk murzar da ta biyo baya za ta baje shi.

Ta biyu ita ce yayyafa farin gari mai suna gofun, wanda ake yi da ɓawon kawa na teku da aka bari a rana da ruwa shekaru, aka niƙa, aka kwaɓa da gam. Ana tsoma buroshi mai tauri a goga shi a kan rariya a saman hoton, fari ya zubo. Yana da sauri, kuma kowane bugu yana fita daban. Amma farin yana zaune ne a bisa takarda, yana iya ɓarewa, kuma a wasu tsofaffin hotuna da aka yi da farin dalma dusar ta rikiɗe ta koma baƙa. Ni ina ganin yayyafi ƙari ne a kan ƙwaƙulalliyar ƙwaya, kaɗan a gaba-gaba. In za ka yi, gwada a wata takarda tukuna, ka kuma rufe fuskar mutumin da ke cikin hoton da ɗan ƙyalle.

Shanya da dubawa

Jera hotunan ɗaya-ɗaya tsakanin kwalaye masu tsabta, ɗora nauyi matsakaici, sauya kwalayen bayan awa guda, sannan ka bar su kwana uku ko huɗu. Wanda aka yi wa tudu, nauyinsa ya zama kaɗan. Launi yana ƙara haske in ya bushe, saboda haka kada ka yanke hukunci a kan jiƙaƙƙen bugu.

In sun bushe juya bayansu. A bugun hannu na gaskiya launi yana ratsowa ta baya, kuma ana ganin sawun baren. A gaba, wani lokaci jijiyar itacen tana bayyana a sararin sama. Ga kuma yadda za ka gane wanda ba na hannu ba ne: in ka sa madubin ƙara girma ka ga ɗige-ɗige a jere sahu-sahu, na inji ne. A tsofaffin hotuna, bugun farko layinsa kaifi ne kuma narkewar launinsa a natse take, na baya kuwa layi ya fara gutsurewa, an kuma rage wasu matakan don sauri.

Wanke alluna da ruwa kaɗan, ka shanya su a inuwa a jingine, iska na ratsa kowane gefe don kada su karkace. Hotunan ka ajiye su a kwance tsakanin fararen takardu, nesa da rana, domin ja shi ke fara koɗewa, musamman irin na da da ake samu daga fure. Wanda za ka rataye, ka sa kwali mai taga tsakaninsa da gilashi don kada su haɗu, kuma ka riƙa duba akwatin ajiyar saboda gara da laima.